Haɗin Kan Ɗarikun Kirista a Kudancin Kogin Kaduna: Neman Adalci ko Kariyar Kai?

Kogin Kaduna, wanda ya ratsa birnin da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917, ya zama tun daga shekarar 2000 wata iyaka tsakanin mabiya addinai biyu, ta yadda unguwannin da ke kudu da shi, irin su Sabon Tasha da Television da Narayi da Barnawa da Unguwar Romi da Gonin Gora, suka cika da Kiristoci, Musulmi kuma suka fi taruwa a Tudun Wada da Rigasa da Kawo da sauran unguwannin da ke ɗaya gaɓar, har ta kai wasu mazauna garin suna kiran ɓangaren kudu Urushalima, na arewa kuma Makka. Rabuwar ba ta kai ɗari bisa ɗari ba, domin har yanzu akwai Musulmi masu yawa a Kakuri da Makera, akwai kuma majami'u a arewacin kogin, amma ta isa ta sa mai kallo daga nesa ya ɗauka cewa mazauna kudancin kogin jama'a ɗaya ce mai aƙida ɗaya da murya ɗaya. Al'amarin ba haka yake ba. A titi guda na Sabon Tasha ana iya samun cocin Katolika da na ECWA da na Baftis da na Angilikan da ƙananan majami'un Fentikos, kowace ɗarika, wato kowane reshe na addinin da ke da nasa shugabanci da tsarin sujada da hanyar fahimtar Littafi Mai Tsarki, tana tafiyar da harkarta ita kaɗai.

Saɓanin da ke tsakanin waɗannan ɗariku ya taɓa tushen ibada. Katolika ba ta raba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake ci domin tunawa da mutuwar Almasihu, da wanda ba ɗanta ba. 'Yan Baftis ba su yarda da baftismar jarirai da Katolika da Angilikan suke yi ba, suna ganin sai mutum ya mallaki hankalinsa ya furta bangaskiya da bakinsa kafin a nitsar da shi a ruwa. 'Yan Fentikos suna ba da muhimmanci ga magana da harsuna da warkarwa, abin da tsofaffin ɗariku suka daɗe suna kallo da taka-tsantsan. Masu farar riga na Kerubim da Serafim kuwa, akwai Kiristocin da har yau suke tantamar ingancin ibadarsu. Duk da haka waɗannan mutane, da ba sa iya cin Jibi a teburi ɗaya, sun sha fitowa kan titi ɗaya a ƙarƙashin tuta ɗaya suna neman abin da suka kira adalci. Tambaya ta farko da ke tasowa daga nan ita ce kan wane tushe suke haɗuwa, ta biyu kuma, wadda ta fi nauyi, ita ce ko abin da suke nema adalci ne ga kowa ko kuwa kariya ce ga jama'arsu.

Haɗin kan yana da saiwa wadda ta girmi rikici. Tun a 1910 ƙungiyoyin mishan na Furotesta da ke aiki a Arewa suka yi taro a Lokoja, kuma daga irin waɗannan tarurruka ne aka fahimci juna kan raba yankunan aiki domin kada wata ƙungiya ta shiga gonar wata. Fassarar Littafi Mai Tsarki cikakke zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932, ta bai wa Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da Birom da Bachama harshe guda na karatu da waƙa da addu'a, kuma da wuya a sami wani abu da ya kusantar da Kiristocin Arewa kamar wannan. A 1954 ECWA ta tsaya da ƙafafunta daga mishan na SIM, a 1955 kuma aka kafa tarayyar majami'un da a yau ake kira TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. A cikin garin Kaduna kansa aka sami HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, wadda ta taso domin tara 'ya'yan majami'un tarayyar da neman aiki ya kawo birni, maimakon kowace ƙabila ta gina nata ɗakin sujada. Sai dai Katolika tana waje da duk wannan, kuma tsakaninta da 'yan mishan na Furotesta gasa ce mai zafi kan makarantu da ƙauyuka, inda kowane ɓangare ke gargaɗin mabiyansa game da ɗayan.

A faɗin duniya ma an daɗe ana kokawa da wannan matsala. Taron da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 1925 ya tafi a kan ra'ayin cewa majami'u za su iya haɗa hannu wajen yi wa jama'a aiki ko da ba su daidaita kan aƙida ba, taron Lund na 1952 kuma ya shimfiɗa ƙa'idar cewa ya kamata su yi komai tare, ban da abin da saɓani mai zurfi ya tilasta musu su yi a rarrabe. Katolika ta buɗe tata ƙofar a babban taron Batikan na biyu, tsakanin 1962 da 1965. Amma wannan tafiya ta gamu da turjiya, kuma ɗaya daga cikin fitattun masu turjiyar a Afirka ɗan jihar nan ne, wato Byang Kato, mutumin ƙasar Kwoi, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ECWA kafin ya shugabanci ƙungiyar majami'un bishara ta Afirka, ya kuma rasu a 1975. Hujjarsa ita ce haɗin kan da aka gina ta hanyar rufe ido ga gaskiyar aƙida yakan ƙare da mayar da ceton rai wani shiri na siyasa da tattalin arziki, kuma coci da ta manta da wa'azin tuba ta rasa dalilin kasancewarta. Wannan gargaɗi bai mutu ba, domin ana jin amonsa duk lokacin da wani dattijon ikilisiya ya ce aikin fasto bagadi ne, titi na 'yan siyasa ne.

Abin lura shi ne cewa ECWA ɗin nan, wadda ba ta shiga Majalisar Majami'u ta Duniya ba, a yau ita da TEKAN ne ke riƙe da ɗaya daga cikin rukunoni biyar na Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wadda aka fi sani da CAN, tare da Katolika, da majalisar tsofaffin majami'un Furotesta, da 'yan Fentikos, da majami'un da 'yan Afirka suka kafa da kansu. Muhawarar tauhidi ba ita ta kawo wannan sauyi ba. A 1964, lokacin da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello yake rangadin musuluntar da jama'a, shekara biyu bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, wasu Kiristocin Arewa, cikinsu har da Jolly Tanko Yusuf, suka kafa ƙungiya domin kare muradunsu. A ranar 27 ga Agusta 1976, bayan wata ganawa da gwamnatin soja ta kira shugabannin majami'u a barikin Dodan da ke Legas, shugabannin suka zauna a sakatariyar Katolika suka kafa CAN, Kadinal Dominic Ekandem ya zama shugabanta na farko. Karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, wanda ya mayar da kwalejin 'yan mata ta Katolika da ke Kakuri makarantar Sarauniya Amina, da muhawarar shari'a a majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978, da shigar Nijeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1986, da rikicin Kafanchan na Maris 1987 wanda ya jawo ƙone majami'u a Zariya da Kaduna da wasu garuruwa, kowane ɗaya ya ƙara ɗaure ɗarikun da juna. Hausawa kan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, kuma gaskiyar magana ita ce wannan hikima ce ta tara ɗarikun Kaduna fiye da duk wata yarjejeniyar aƙida, tunda mai cinna wa coci wuta ba ya tambayar ko ana yi wa jarirai baftisma a cikinta.

Wannan ba ya nufin haɗuwar ba ta da madogara a addini. Dukkan ɗarikun sun yarda cewa an halicci ɗan Adam cikin siffar Allah, cewa annabawa irin su Amos da Mika sun yi tir da masu danne matalauci da masu karkatar da shari'a, cewa kuma Almasihu ya danganta kansa da mai yunwa da baƙo da ɗan kurkuku. Amma kowace ɗarika ta bi tata hanya ta iso wurin. Katolika tana da doguwar koyarwa kan zamantakewa tun daga wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891 kan haƙƙin ma'aikata, kuma tana dogara da abin da masana ke kira dokar halitta, wato ra'ayin cewa hankalin kowane mutum, Kirista ko wanda ba Kirista ba, yana iya gane daidai da rashin daidai, shi ya sa take da hukumomin adalci da ci gaba da zaman lafiya a dayosis-dayosis. Majami'un bishara, waɗanda suka sa tuban mutum ɗaya-ɗaya da ikon Littafi gaba da komai, sun ƙara rungumar aikin jama'a bayan taron Lausanne na 1974, wanda ya amince cewa wa'azi da neman adalci duka nauyi ne a kan Kirista. Da yawa daga 'yan Fentikos suna kallon zalunci a matsayin aikin ikokin duhu da ake yaƙa da azumi da addu'ar dare, suna kuma sa rai ga hawan mai tsoron Allah kan mulki. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta gaji aƙidar ƙin ɗaukar makami kwata-kwata, alhali tun bayan 1987 ake jin wasu matasan coci suna cewa an mari kunci na farko, an mari na biyu, ba su da na uku.

Wannan bambancin hanya ba ya fitowa fili muddin abin da ake bukata shi ne a ce a'a. Yana bayyana ne idan aka zo kan magani, domin wanda ya taso da dokar halitta zai nemi kotu mai gaskiya da hukuma mai aiki, zai kuma iya zama da limamin masallaci su rubuta buƙata ɗaya; mai bishara zai fi damuwa da 'yancin wa'azi da filin gina coci; mai jiran shugaba mai tsoron Allah zai karkata ga zaɓe da ɗan takara; mai ƙin makami da mai kunci biyu kuwa ba za su taɓa daidaitawa kan abin da za a gaya wa matasa ranar tashin hankali ba. Saboda haka haɗin kan ɗariku a Kaduna yana da ƙarfi wajen ƙin abu, yana da rauni wajen faɗin irin garin da yake son a gina.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 ta nuna ƙarfin da raunin a lokaci guda. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoba 1999, majalisar dokokin Kaduna ta kafa kwamitin duba batun, Musulmi suka yi ta gangamin goyon baya, reshen CAN na jihar kuma ya kira tattaki na nuna ƙin amincewa, wanda dubban mutane daga kowace ɗarika suka amsa. Masu tattakin suna da haƙƙin fitowa, suna kuma da hujja a sashe na 10 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, kamar yadda masu neman shari'a suke da tasu hujja a sashe na 38, wanda ya tabbatar da 'yancin addini. Kowane ɓangare adalci ya ce yana nema. Kafin rana ta faɗi tattakin ya rikiɗe zuwa kashe-kashe, wanda ya sake ɓarkewa a watan Mayu. Kwamitin binciken gwamnatin jihar ya ƙidaya mamata fiye da 1,200, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka kai adadin 2,000 ko fiye. Sulhun da gwamna Ahmed Makarfi ya aiwatar a ƙarshen 2001, inda aka kafa kotunan shari'a ga Musulmi da kotunan gargajiya ga wasu, aka kuma ƙara yawan masarautu masu cin gashin kansu a kudancin jihar, ya biya wani ɓangare na buƙatun kowa, amma an same shi ne bayan garin ya riga ya tsage gida biyu, kuma tarzomar gasar sarauniyar kyau ta Nuwamba 2002 ta ƙarasa abin da ya rage na cuɗanya a unguwanni da yawa.

A nan ne ya kamata a bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Kariyar kai ita ce jama'a ta tashi ta hana a zalunce ta, kuma wannan halal ne, wani lokaci ma wajibi ne. Adalci kuwa ƙa'ida ce da mai kiran ta ya yarda ta hau kansa, ta kuma amfani wanda ba nasa ba, ko da abokin gabarsa ne. Duk wanda ya ce kisan mutum saboda addininsa zalunci ne ya ɗaure kansa da cewa kisan fasto a Kajuru da kisan mai sayar da shayi a Gonin Gora laifi ɗaya ne mai nauyi ɗaya. Littafin da ɗarikun suka haɗu a kansa bai bar wata kafa a nan ba, domin a misalin Basamariye da ke Bisharar Luka, wanda aka yaba shi ne mutumin da ya tsaya wa ɗan al'ummar da ke ƙyamar tasa, annabi Irmiya kuma ya umurci waɗanda aka kai bauta Babila su nemi lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi. Ma'aunin da Kirista zai auna haɗin kan majami'unsa da shi yana cikin littafinsa, ba wani ne ya ɗora masa daga waje ba.

Idan aka yi awo da wannan ma'auni, sakamakon gauraye ne. A rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011, wanda ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, an ƙona majami'u an kashe Kiristoci a garuruwa da dama, amma a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan ɗaruruwan da aka kashe akasarinsu Musulmi ne. A ranar 17 ga Yuni 2012, bayan an tayar da bama-bamai a majami'u biyu a Zariya da ɗaya a unguwar Trikaniya ta Kaduna, matasa suka tare hanyar Abuja a Gonin Gora suka kashe matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shugabannin addini sun yi kira a kwantar da hankali, amma mai gaskiya zai amsa cewa ƙarfin muryar da ake ji idan na gida aka taɓa ba shi ake ji ba idan na gida ne ya taɓa wani, kuma wannan aibi ne da ƙungiyoyin Musulmi da ke ɗaya gaɓar kogin ma ba su kuɓuta daga gare shi ba. Kowane ɓangare yana riƙe da jerin sunayen mamatansa, babu mai riƙe da jerin duka.

Ba daidai ba ne, duk da haka, a raina kukan mazauna kudancin kogin ko a kira shi siyasa kawai. A ranar 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga sun shiga babbar makarantar horar da limaman Katolika da ke Kakau a kan hanyar Abuja, suka sace ɗalibai 4, suka kashe ɗaya. A cikin watan ne kuma Boko Haram ta kashe Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN a Michika, abin da ya sa ƙungiyar ta kira tattakin addu'a a faɗin ƙasa ranar 2 ga Fabrairu, bishop-bishop na Katolika kuma suka fito da baƙaƙen kaya a Abuja ranar 1 ga Maris. A ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandaren Bethel ta Baftis da ke kan hanyar Kachia a ƙaramar hukumar Chikun, iyaye suka tare hanya suna kuka, aka riƙa sakin yaran kashi-kashi bayan biyan kuɗin fansa, na ƙarshensu bai dawo ba sai a Nuwamba 2023. A waɗannan watanni, lokacin da gwamnatin jihar ta tsaya kan manufarta ta ƙin tattaunawa da 'yan bindiga, reshen CAN a ƙarƙashin Rabaran Joseph Hayab ne ya zama bakin iyayen, kuma ɗan Katolika da ɗan ECWA ba su ce wannan matsalar Baftis ce ba. Wannan aiki ne na gaske, kuma jama'ar da ba ta da irin wannan murya takan mutu shiru. Abin da ya rage shi ne a gane cewa matsalar ta wuce coci, domin a ƙaramar hukumar Chikun ɗin nan ne aka sace ɗaliban Kuriga a Maris 2024, a Tudun Biri ta Igabi kuma jirgin soja marar matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 da ke taron Mauludi a ranar 3 ga Disamba 2023. Gazawar hukuma ɗaya ce ta bar su duka a fili.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ke zuwa daga nasara. Ƙungiyar da ke iya fito da dubban mutane titi takan zama abin zawarcin masu mulki, kuma wanda ake kai wa kujerun ziyarar Urushalima da kyautar mota yana da wuya ya tsawata wa mai bayarwa. A farkon 2013 ta bayyana cewa bishop-bishop na Katolika sun dakatar da shiga harkokin CAN a matakin ƙasa, a zamanin shugabancin Fasto Ayo Oritsejafor, bisa ƙorafin cewa ƙungiyar ta kauce daga manufarta ta kutsa siyasar ɓangaranci. A Kaduna kuma, ƙudirin dokar wa'azi da gwamnatin Nasir El-Rufai ta gabatar a 2016, wanda ya nemi sabunta dokar soja ta 1984, ya tanadi cewa kwamitocin CAN da Jama'atu ne za su riƙa tantance masu wa'azi ana ba su lasisi na shekara guda. Da an bi wannan yadda aka tsara, da ƙungiyar da aka kafa domin kare majami'u ta zama mai riƙe da makullin bakinsu, manyan ɗariku kuma su sami iko kan ƙanana. Shugabannin Kirista sun ƙi ƙudirin, 'yan Fentikos suka kai ƙara, a Yuni 2019 kuma babbar kotun jihar ta yanke cewa tilasta wa mai wa'azi neman lasisi ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Ƙin karɓar ikon da aka miƙa mata yana cikin mafi kyawun abin da ƙungiyar ta yi a jihar.

Waɗanda suka ƙetare kogin ma akwai su, ko da yake sau da yawa a gefen ƙungiyar suka yi aikinsu. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a wani rikici a 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a rikicin, sun kafa cibiyar sasanci a 1995, kuma da ƙoƙarinsu ne shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu kan sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a ranar 22 ga Agusta 2002. Bishop Josiah Idowu-Fearon na Angilikan ya sha suka daga cikin gida saboda nacewarsa kan fahimtar Musulunci da tattaunawa da malamansa. A 2010 aka kafa majalisar mata mabiya addinan biyu a Kaduna, asibitin Katolika na St. Gerard da ke Kakuri kuma ya daɗe yana karɓar masu rauni ba tare da tambayar addininsu ba.

Sai dai babban zaluncin da ya taɓa mazauna kudancin kogin gaba ɗaya bai cika samun tattaki ba, alhali yana tsaye a tsakiyar Kakuri kowa na gani. Masaƙar Kaduna, KTL, ta fara aiki a 1957, Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Waɗannan masana'antu ne suka jawo mutanen da suka cika majami'un Kakuri da Nasarawa da Television, baikonsu da zakkarsu ne suka gina su, kuma a ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, wadda hedikwatarta ke Kaduna, Musulmi da Kirista sun shafe shekaru suna yajin aiki tare suna karɓar albashi a layi ɗaya. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da kwararowar atamfar fasa-ƙwauri mai arha suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, dubban magidanta suka koma acaɓa da ƙananan sana'o'i, 'ya'yansu da yawa kuma suka tashi babu aikin yi, su ne kuma ake samu a sahun gaba duk ranar da gari ya rikice. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe fiye da shekara 20 suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun mutu ba su karɓa ba, matansu da marayunsu suna zaune a benci ɗaya da sauran masu sujada kowace Lahadi, wasu kuma a sahun Juma'a.

Wannan batu ne da koyarwar Katolika kan haƙƙin ma'aikaci da wa'azin mai bishara kan annabawa da addu'ar ɗan Fentikos duk suka haɗu a kansa ba tare da wata ɗarika ta sarayar da aƙidarta ba, ba ya kuma buƙatar a ɗora laifi kan wani addini. Jihohin Arewa 19 ne suka mallaki masaƙar KTL, kuma a Kaduna gwamnoninsu suke yawan yin taro. Ya kamata reshen CAN na jihar ya nemi Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, su haɗa sunayen masu bin bashin da na magadansu, su kai gaban gwamnonin a taronsu na gaba.